Rudun da Na Ce Kada a Taɓa

Shekarar da nake ƙarasa digiri na biyu, binciken da ya faɗo a kaina a kan ruɓewar albasa ne. Abokan karatuna kowa da abin tinƙahonsa. Wani yana binciken sauron da ya daina jin magani, wata tana auna ruwan rijiyoyi, wani yana haɗa na'urar busar da tumatir da hasken rana. Ni kuwa in aka tambaye ni sai in ce albasa, a hankali, kamar wadda ta yi laifi. Amma duk wanda ya tashi wajen Aliero ya san ba ƙaramin ciwon kai ba ne. A cire ta da bazara tana ƙyalli, a zuba a rudu ana jiran ta yi daraja, damina na sauka sai ta fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Rudu, ga wanda bai sani ba, gado ne na itace da kara da ake ɗagawa daga ƙasa, a jibge albasa a kai, a yi masa rufin ciyawa don iska ta riƙa ratsawa.

Ba ni da damar wasa a wannan shekarar. Na riga na cinye shekara guda wajen haihuwa da jinyar jaririya, kuma dokar makarantarmu ba ta san jego ba. Wanda wa'adinsa ya cika bai gama ba, sai ya kwashe takardunsa ya ƙara gaba. Albasar ajiya kuwa sau ɗaya take zuwa a shekara. In ta wuce ni, wahalar shekara uku ta tashi a banza, in koma gida da jaka da haushi.

Malamin da ke duba aikina wani Farfesa ne, Kirista, mutumin kudu, ya daɗe a ƙasarmu har Hausarsa ta koma irin ta 'yan kasuwar Jega. Shi ya tsara mini aikin. Rudu uku, kowanne albasa ɗari, kowace albasa da lambarta a jiki. Na farko a barbaɗa masa garin ganyen dogon yaro, na biyu toka. Na uku a bar shi haka nan, kada a sa masa komai, kada a cire masa komai, don da shi za a gane ko sauran biyun sun yi wani amfani. Duk Asabar in je in auna nauyi, in duba wadda ta ruɓe in rubuta lambarta, in mayar da ita inda take. Ya ce kada a yi a makaranta, a yi a ƙauye inda manoma ke ajiye tasu. Ni da bakina, ba wanda ya matsa mini, na ce ai ina da wuri, gidan mahaifina.

Bari in gaya muku wane ne Baba. Tun kafin a haife ni sunansa ya fita wajen ajiyar albasa. Daga Kimba, daga Katanga, mutane kan zo su tsuguna gaban rudunsa suna tambaya, shi kuma ya yi ta ja musu rai kamar mai maganin gado. Sirrin ba komai ba ne illa hannu da hanci. Kullum in ya fito masallaci da safe sai ya bi ta rudu, ya zura hannu, ya latsa wuyan wannan, ya sansana waccan, wadda ta fara laushi ya zare ta kafin ta shafa wa 'yan'uwanta. Kuma ba shi kaɗai ba. A garinmu in mutum yana wucewa ya ji warin ruɓa a rudun wani, ba ya neman izini. Zai tsaya ya lalubo ta, ya ajiye a gefe, in sun haɗu da mai rudun ya ce masa na cire maka biyu. Wanda ya ji wari ya wuce, shi ake zagi. Duk wannan na sani, a cikinsa na tashi, amma karatun boko ya mantar da ni.

Ranar da muka kafa rudunan a ƙofar gida, gefen hanyar masallaci, na wuni ina rubuta wa albasa lamba da alƙalamin da ba ya goguwa. Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta ga abin da nake yi, ta ce ita dai ta haifi yara bakwai ba ta sa wa ko ɗaya lamba ba, kuma ba wanda ya ɓace. Da na gama na yi wa Baba bayani dalla-dalla. A kan na dogon yaro ya gyaɗa kai. A kan na toka ya ce kakarsa ma ta yi. Da na zo kan na uku na ce wannan ba za a yi masa komai ba, ko ta ruɓe a bar ta, sai ya dube ni. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, ita wagga mi tay yi maki?"

Na ce ba ta yi mini komai ba, haka bincike yake. Ya ce to. Ni da na san Baba shekara talatin, ya kamata in gane cewa to ɗinsa iri-iri ce, kuma wannan ba ta yarda ba ce, ta a rabu lafiya ce. Daga ranar ya sa wa rudun na uku suna maraya.

Aka fara. Duk Asabar in bar jaririya wurin ƙanwar mijina a Jega, in hau mota zuwa Aliero, in hau kabu-kabu zuwa ƙauye, da sikelina a jaka. Ruwan farko ya sauka, na toka ya fara ba da ruɓaɓɓu, na dogon yaro ma ya ɗan taɓa. Maraya kuwa ko ɗaya. Mako na biyu ko ɗaya. Mako na biyar albasa ɗari cif, kowace tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Akwai ranar da Baba ya tsaya a kaina ina rubutu, ya tambaye ni wai ita lamba bakwai ta boko ta wane gefe ake fara ta. Na ji daɗi, na ce tsoho ya fara sha'awar ilimi, har na zana masa a ƙasa sau uku.

Maimakon sakamakon ya tayar mini da hankali, sai kaina ya fara girma. A cikin mota na riƙa tsara yadda zan tsaya gaban manyan masana in gaya musu duk wahalar da suke yi banza ce, albasa so take a ƙyale ta. Har mijina na fara yi wa magana da wata irin murya. Ya ce in wannan somin-taɓi ne, ranar da aka ba ni takardar sai ya nemi izini kafin ya shigo gidansa.

Na kai wa Farfesa takardun ina ta murmushi. Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake karantawa. Ya ce rashin ruɓar bai dame shi ba tukuna, abin da ya dame shi nauyi ne. Albasa in tana ajiye ruwan jikinta fita yake, ramewa take yi. Ta rudu na uku kuwa kowane mako ƙiba take. Sai ya tambaye ni, a hankali, wa ke zaune a gidan. Nan take na hau. Na ce mahaifina dattijo ne, a sahun farko yake salla, bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ya ce shi bai ce ƙarya ba, ya dai tambaya wa ke zaune a gidan. Na kwashe takarduna na fito ko sallamar kirki ban yi masa ba.

Asabar ɗin da ta biyo an yi ruwa da safe, hannuna a jiƙe na fara ɗaukar albasar maraya. Ina ajiye ta farko na ga yatsuna sun yi baƙi. Na shafa wata, lambar ta narke. Na kai hanci sai na ji ƙanshin ƙaro. Tawadar allo ce. Na zauna a ƙasa, da zanen fitata, na riƙa dubawa ɗaya-ɗaya. Akwai wata da na sani sarai don ita ce mafi ƙanƙanta, ba ta fi ƙwan zabuwa ba lokacin da na sa mata lamba. Ga lambarta nan daram a jikin wata ƙatuwa da ta cika mini hannu. Kafin in kai ƙarshe na gane da yawansu ban taɓa ganinsu ba.

Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Na ajiye ƙatuwar a gabansa. Wallahi ko gezau bai yi ba, sai ma ya juya ta yana duba rubutunsa, ya tambaye ni ko lambar ce ba ta fita da kyau ba, don shi kwaikwayonsu yake yi kamar zane. Ya ce bincikena bai taɓa ba. Abin da kawai yake yi, wadda ta yi laushi ya cire, ya ɗauko lafiyayya daga nasa rudun, ya kwafe mata lambar, ya mayar. Sauran biyun suna da magani, ya ƙyale su. Maraya ne ba shi da kowa. Kuma ya lura duk Asabar ina ƙirgawa ina rubutawa, ya san jarrabawar ke nan: an ba ni ɗari, za a ce in kawo ɗari. Shi yana raye ba za a kayar da ɗiyarsa a kan albasa ba.

Ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani, amma ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce ya rusa mini aikin mako shida. Na ce ruɓewar nake nema, ita ce aikin. Na ce saura 'yan watanni a kore ni. Daga cikin gida Inna ta yi gyaran murya, irin wanda ke nufin ki tuna da wa kike magana, sai faɗan ya koma kuka. Baba ya dubi albasar. Can ya tambaya, kuma ba da gatse ba, da gaske yake son sani, wai yanzu akwai makarantar da ake ba mutum digiri don ya bar abinci ya lalace yana kallo.

Ban gama share hawaye ba sai ga amininsa ya yi sallama, wani tsoho mutumin Liba da ke zuwa cin kasuwa yana sauka wurinmu. Da ya ji abin da ake ciki ya ce a yi masa afuwa, shi ma ya cire uku ran nan da zai wuce masallaci, amma shi bai mayar da komai ba, ya dai gaya wa mai gida. Liman ma, in ji shi, ya cire ɗaya. Ashe rabin unguwa na cikin bincikena ban sani ba.

Ran Litinin na koma wurin Farfesa. Na ba shi haƙuri, na ba shi labari. Ya yi dariya har ya riƙe tebur, sannan ya ce in shirya, Asabar tare za mu je.

Da muka isa, ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa ya gai da Baba, ya tambayi gona da ruwa da iyali har Baba ya saki jiki. Ban ji ya ambaci bincike ko sau ɗaya ba. Ya ce shi tambaya ta kawo shi: in aka kawo wa Baba sabon irin gero aka ce ya fi na gida, yaya yake gane gaskiya? Baba ya gyara zama, don irin tambayar da yake so ke nan. Ya ce ai ba ka zuba shi gona duka. Layi biyu za ka ba shi kusa da na gida, a shuka rana ɗaya, su sha ruwa ɗaya, ka zuba ido. Farfesa ya ce to in na gidan ya fara ja da baya, ba sai ka ɗan ƙara masa taki a ɓoye ba, don tausayi?

"Wanga ai aikin wawa na," in ji Baba. "In ka ƙara mai taki, ƙaƙa za ka gane..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi Farfesa, ya dube ni, ya dubi ƙofa inda ake hango rudun. Ni na sunkuyar da kai don dariya ta zo mini a inda bai kamata ba.

Farfesa ya ce lokaci bai ƙure sarai ba. Akwai sauran mako goma kafin in fara rubutu, kuma su ne tsakiyar damina, lokacin da ruɓa ta fi ƙarfi. Sai dai dole a sake duka ukun daga farko, da albasar gona ɗaya, kuma in aka sake taɓawa babu sauran dama. Baba ya tashi ya buɗe nasa rudun, wanda yake tattali tun bazara, ya zaɓo mini ɗari uku da hannunsa.

Wannan karon maraya ya yi abin da ake so. Mako na uku wari ya fara tashi. Ran wata Laraba ina gida a Jega wayata ta yi ƙara, Baba ne, shi da ba ya kiran mutum sai an yi haihuwa ko rasuwa. Bayan gaisuwa ya ce akwai wata a gefen gabas, lamba kaza, ta yi laushi ƙwarai, kuma na kusa da ita lafiyayyu ne. Ita kaɗai zai cire, in ji shi, ba zai mayar da komai ba. Na ce Baba a bar ta. Ya ce to ko ya ɗan matsar da ita, ba cirewa ba. Na ce a bar ta. Sai ya ce in gai da jaririya.

Mako na biyar ƙuda suka gano wurin, kuma aka samu sabuwar matsala. Baba ya daina taɓawa, amma gari bai daina ba. Duk wanda ya zo wucewa, hannunsa da kansa yake miƙewa. Don haka Baba ya ɗauko tabarmarsa daga zaure ya shimfiɗa a gindin rudun, da sandarsa, ya zama mai gadi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana korar ruɓa, ga shi zaune cikin wari yana korar masu cire ta. In wani ya miƙa hannu sai Baba ya ɗora masa sanda a wuyan hannu ya ce a bari, ta makaranta ce. Liman ma sai da aka ɗora masa, a hankali dai.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Wasu suka ce ɗiyar nan tasa 'yar boko ce ta juya masa kai. Wata tsohuwa ta aiko wa Inna da rubutu a kwalba, a ba shi ya sha. Masu zuwa masallaci suka buɗe sabuwar hanya ta bayan katangar maƙwabta. Amininsa na Liba kuwa ya samu abin yi. Duk zuwansa sai ya tsaya daga nesa, ya toshe hanci da gefen rawani, ya yi masa cikakkiyar gaisuwar ta'aziyya: ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai, Allah ya sa ta huta. Baba ya ce amin, ya matso kusa a yi addu'ar tare.

Na ce a mayar da rudun bayan gida. Farfesa ya ce ba a motsa shi a tsakiyar gwaji. Na ce to in rubuta allo in kafa, a san na bincike ne. Baba ya ce warin ya isa sanarwa, ba sai an ƙara da rubutu ba.

Ina ta dariyar waɗannan abubuwa har wata Asabar da dariyar ta tsaya mini. Ina tsugune ina awo sai ga wani mutumin Katanga a kan babur, wanda duk shekara yake zuwa neman shawarar Baba. Ya sauka da fara'arsa, iska ta juyo, fara'ar ta ɗauke. Ya dubi rudun, ya dubi baƙin ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashinsa, ya dubi Baba. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya ce dama wucewa yake ya ce bari ya tsaya a gaisa. Ya hau babur ɗinsa. Muna kallo ya tsaya a ƙofar wani maƙwabcinmu wanda Baba ne ya koya masa ɗaurin rudu, ya shiga can. Baba ya ciro carbinsa, ya mayar aljihu, ya sake cirowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji kunyar kaina. Na ce Baba ko a haƙura a kwashe. Ya tambaye ni saura mako nawa. Na ce uku. Ya ce to in ci gaba da awona, rana na yi.

Asabar ta ƙarshe muka yaye rufin. Na dogon yaro ya yi asara amma da sauƙi, na toka yana biye da shi. Maraya kuwa fiye da rabi ya zama taɓo, wasu ko lambar ba a gani. Na ɗaure hanci da gyale na gama rubutawa, na kira Farfesa na karanta masa. Ya ce, "Malama, yanzu kina da abin rubutawa. Za ki gama." Sai na ji bakina yana ta alhamdulillahi, ni ɗiyar manomi, a kan tulin ruɓaɓɓiyar albasa.

Baba yana tsaye a gefe, hannuwansa biyu a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya.

"Uwata, ta ruɓe yadda anka so?"

"Ta ruɓe, Baba."

"To ki rubuta cikin takardar taki, mai gidan ya san aikinai. Da gangan yab bari."

Na ce zan rubuta, kuma na rubuta, a shafin godiya, da Turancin da babu mai karanta shi a garinmu. Sai Baba ya tambaya ko yanzu an gama, ko ana iya taɓawa. Na ce an gama.

Bai jira na ɗauke sikeli ba. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa cikin taɓon nan da gwiwoyinsa masu ciwo, ya zura hannu yana lalube. Duk wadda ya ji da sauran ƙarfi sai ya zaro ta, ya goge ta da gefen rigarsa ta zuwa masallaci, ya ajiye a inuwa. Na ce Baba bari in samo maka safar hannu. Ko juyowa bai yi ba. Ya ce in matsa masa daga haske, akwai sauran masu rai a ƙasa.